Kujerun Da Ke Ƙaruwa A Sahun Mata

  

Duk wanda ya taɓa taya mu shirya masallaci ranar Juma'a ya lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Kujerun roba da ake jerawa a ɓangaren mata ƙaruwa suke yi. A da tsofaffi tukuf ne ke neman kujera. Yanzu sai ka ga mace da ba ta aurar da 'yarta ta fari ba, ita ma tana jawo tata. In aka tambaye ta sai ta ce, "Malam, gwiwa ce," ko ta ce, "In na kai ƙasa, tashin ne aiki."

Babu laifi a kanta ko kaɗan. Ɗalibanmu da suka karanta Ahalari sun san cewa sallar farilla tana da halaye bakwai a jere: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine. Asalin wannan sauƙi yana cikin amsar da Annabi (SAW) ya bai wa Imrana ɗan Husaini lokacin da ya kai kukan rashin lafiya, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Wadda ta gaza ta zauna, sallarta ta yi. Tambayarmu dabam ce. A cikin waɗannan kujeru, guda nawa ne da an ɗauki mataki da wuri za a iya jinkirta su da shekara goma ko fiye? Gwargwadon abin da likitoci suka tabbatar, da yawa daga ciki.

Mu ɗan yi lissafi irin na makaranta. Farillan yini raka'a 17 ne. Ke nan sau 17 mai salla ke sauka daga tsaye zuwa sujada, kuma sau 12 take miƙewa daga ƙasa zuwa tsaye, tunda raka'ar ƙarshe ta kowace salla a zaune ake rufe ta. Ba a sa nafila ba, ba a sa asham ba. Kowace miƙewa, tsokar cinya da ta ɗuwawu ne ke ɗaga nauyin jiki gaba ɗaya. Ranar da ƙarfin waɗannan tsoka ya gaza nauyin jikin, ranar ake neman kujera. Sau da yawa abin da muke kira ciwon gwiwa da raunin cinya yake tafiya, domin cinya ce ke tallafe gwiwa. In ta saki, gwiwa ta ɗauki dukan wahala ita kaɗai.

Tsoka ba ta zama yadda take. Daga wajen shekara 30 take fara raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma bayan shekara 60 raguwar na ƙara sauri. Suratur Rum, aya ta 54, ta riga ta faɗa mana wannan tsari: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Babu mai tsere wa wannan. Amma saurin gangarowar, akwai hannun mutum a ciki. Allah Ya halicci tsoka da wata ɗabi'a: in aka ɗora mata aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, aka bar ta ta huta, aka ci abinci, sai ta gina kanta ta fi da. In aka bar ta ba aiki, sai jiki ya ɗauka ba a bukatarta, ya rage ta. Wannan shi ne gaba ɗaya sirrin abin da ake kira motsa jiki na ƙarfafa tsoka. Ya bambanta da tafiyar ƙafa. Tafiya tana da kyau ƙwarai ga zuciya da numfashi, amma ba ta matsa wa tsoka har ta ƙaru. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ambaci abu biyu ga kowane baligi, mace ko namiji: minti 150 zuwa 300 na motsi irin su tafiya da sauri a mako, da kuma aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana 2 a mako. Na farkon kowa ya ji shi. Na biyun ne bai iso unguwa ba, musamman wajen mata.

To me ya sa muka ware mata? Saboda ƙashi.

Mutane na ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce ne. A'a, rayayye ne, kullum ana rushe wani sashe ana gina wani. Yana kai iyakar ƙwarinsa wajen shekara 30. A jikin mace akwai wani sinadari mai suna estirojin wanda ke tsare ƙashi daga saurin rushewa. Idan haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin nan sai ya faɗi, ƙashi ya shiga zubewa da sauri na wasu shekaru. Ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Sai dai a ga Hajiya tana gajarta, bayanta na ranƙwafawa, ko wata rana santsi ya ɗebe ta a makewayi ƙashin kwankwaso ya karye. Ƙididdigar duniya ta nuna cewa mace 1 cikin 3 da suka wuce shekara 50 za ta gamu da karaya irin ta raunin ƙashi a rayuwarta. Duk gidan da aka taɓa jinyar tsohuwa mai karayar kwankwaso ya san abin da ke biyo baya: kai-kawo zuwa asibitin Tokoin, kuɗin aiki, watanni a kwance, alwala sai an yi mata, wani lokaci ma ba a sake tashi ba. Allah Ya kiyaye.

Ƙashi kuwa yana jin ja. Duk lokacin da tsoka ta ja shi da ƙarfi, ko nauyi ya danne shi, sai ya amsa da ƙara ƙwari. A ƙasar Ostireliya, masu bincike na Jami'ar Griffith sun tara mata 101 da haila ta ɗauke musu kuma ƙashinsu ya yi rauni. Rabi suka riƙa ɗaga nauyi mai yawa, minti 30, sau 2 a mako, ƙarƙashin kulawar masana, har wata 8. Ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, alhali na sauran, masu motsi mai sauƙi a gida, raguwa ya yi. Kashi 3 kamar ba yawa, amma a tuna a shekarun da ƙashi ke gangara ne aka juya shi ya hau.

Wata za ta ce, "Ni kam na tsufa, wannan na yara ne." A 1990, wata likita mai suna Maria Fiatarone ta gwada abin a gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum 10, maza da mata, shekarunsu wajen 90, duk masu rauni. Bayan mako 8 na horar da ƙafa, ƙarfin cinyarsu ya kusan ninka uku. In tsokar mai shekara 90 ta amsa, ta mai 55 ba ta da uzuri.

Sai ciwon suga, wanda yanzu da wuya ka shiga gida a Zongo ba ka ji sunansa ba. Bayan mun ci tuwo ko akume ko shinkafa, sukarin da ya shiga jini tsoka ce ke kwashe mafi yawansa. Ita ce babban rumbu. Wadda tsokarta ta ragu, rumbunta ya ƙanƙance, sukari ya rasa wurin zuwa ya tsaya a jini. Tsokar da ake aiki da ita kuwa ta fi jin insulin, ta fi saurin kwasa. Wannan ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta, kada wata ta ajiye ƙwayarta ta ce mu muka ce. Taimako ne babba a kan magani.

Yanzu mu zo kan maganar da muka san za a yi mana, domin iyayenmu mata ba sa barin bashi: "Wane motsa jiki ya wuce aikin gida? Ku zo ku yi wanki da daka ku gani."

Suna da gaskiya, rabi. Kakanninmu na tsohon Zongo, kafin a rushe shi a 1977 a dawo da mutane nan wajen Agoè, a ƙafa suke zuwa Asigame da kaya a ka su dawo. Su ja ruwa a rijiya, su daka hatsi, su kirɓa sakwara da taɓarya. Babu wanda ya kira wannan da sunan horo, amma ya yi musu aikin horo. Yau fa? Daga ƙofar gida zemijan ke ɗauka. Niƙa na inji ne. Ruwa na famfo ne, ko yaro ya kawo. Ita kanta sakwara, wani ɗan Togo, Logou Minsob, ya ƙera mata injin Foufoumix. Ba kuka muke da waɗannan ba, ni'ima ce, kuma ba wanda zai ce a koma wa dutsen niƙa. Amma 'yar kasuwar da ke zaune a kan benci daga safe har la'asar tana jiran ciniki ta rasa abin da kakarta ta samu ba tare da nema ba. Aikin da ya rage, wanki da shara da girki, yana gajiyarwa matuƙa amma ba ya ginawa, don nauyinsa ɗaya ne yau da gobe, kuma yawancinsa a sunkuye ake yi, baya ke shan wahala. Gajiya dabam, ƙarfi dabam. A ɗaya gefen kuma ga mata 'yan dako na babbar kasuwa, waɗanda ke ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu kullum ba hutu ba isasshen abinci. Wannan ma ba horo ba ne, cin jiki ne, wuya da baya ke biya. Horo yana tsakiya: nauyi daidai gwargwado, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan, da hutu a tsakani.

Ta fuskar addini ba mu ga abin da ya hana ba, sai ma abin da ya ƙarfafa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa kowanne akwai alheri a tare da shi. Malamai sun ce asalin abin nufi ƙarfin imani da azama ne, amma da yawa sun shigar da ƙarfin jiki tunda da shi ake tsayuwa, da shi ake azumi da hajji. Matan farko kuwa ba ragwaye ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito yadda Nana A'isha ta yi tseren gudu da Annabi (SAW) ta wuce shi, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake shi kuma ya wuce ta. A ranar Uhudu an ga ita da Ummu Sulaim suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu suna shayar da mutane, su koma su ciko. Asma'u 'yar Abubakar tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu mai nisa da gari. Sa'ayin da alhazai ke yi, sawun mace ake bi, Nana Hajara.

Tunda mun ambaci sa'ayi: tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3. Ga ɗawafi cikin turmutsutsu, ga tafiyar jifa. Mace ta yi shekara ashirin tana tara kuɗin kujerar Makka, ba ta yi wata shida tana tara ƙarfin ƙafa ba, ta je can sai an tura ta a keke da kuɗi. Hajjinta ya yi, amma da ta so ta taka da ƙafarta.

Abin da shari'a ta tsare shi ne sutura da cakuɗa da maza. Ba mu ce kowa ta tafi bakin teku da safiyar Lahadi ta shiga cikin masu tsalle-tsalle ba, ba mu kuma ce a shiga gidan motsa jikin da maza da mata ke haɗe ba. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa, a ɗaki ko tsakar gida ake yinsa, da zane da riga, ba a biyan ko dala.

Akwai masu tsoron wai mace za ta murɗe ta koma kamar ɗan dambe. Wannan ba ya faruwa da irin aikin da muke magana. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji, na jikin mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasa ba. Abin da za ta gani shi ne jiki ya ɗaure, tafiya ta yi sauƙi. Abin tsoro na gaskiya yana wani wuri: ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata da amare ke saye ba takardar likita, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu, kamar desametazon, kumburi da kitse suke kawowa, kuma in aka daɗe ana sha suna cinye tsoka, su raunana ƙashi, su tayar da suga da hawan jini. Wato daidai kishiyar abin da muke nema. Iyaye a sa ido.

To yaya ake yi? A fara da kujerar nan da kanta. A samu mai ƙwari, a jingina ta da bango. A zauna, a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, a koma a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake zagaye na biyu. Wadda ba ta iya ba sai da dafawa, ta dafa, da sannu za ta saki. In ya zama wasa, a rungumi nauyi a ƙirji, ko a koma kujera mai gajarta. Wannan shi ne uwar aikin, domin shi ne tashi daga sujada.

Awon nauyi yana nan a kowane gida: lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Babbar gorar ruwa kilo ɗaya da rabi, ƙaramin bido kilo 5, babban bido mai ruwan ɗorawa in ya cika kilo 25. Ana iya zuba ruwa daidai ƙarfin mutum, a ƙara kofi biyu mako mai zuwa. Da gora biyu ake ɗagawa sama da kai saboda kafaɗa. Da bido ake koyon ɗauka daga ƙasa: a matso da shi kusa da ƙafa, a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, baya a miƙe, a tashi da ƙarfin cinya. Wadda ta iya wannan ta huta da yawan ciwon bayan ɗaukar tukunya da jika. Ga hannu da ƙirji, a dafa bango a matso a ture. Ga bayan kafaɗa, tsohuwar robar cikin tayar moto ta isa: a ɗaura a ƙarfen taga a riƙa ja zuwa ciki. A hau dakali ko matakala da ƙafa ɗaya a sauko, a canza ƙafa. A ƙarshe a dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya gwargwadon iko, don tsayuwa da ƙafa ɗaya ita ke hana faɗuwa ranar da santsi ya zo. Duka bai wuce minti 20 zuwa 30 ba, kwana 2 a mako, a bar aƙalla kwana ɗaya a tsakani. Alamar nauyi ya yi daidai ita ce biyun ƙarshe su yi wuya amma su yiwu.

Kada a riƙe numfashi lokacin ɗagawa, a fitar da shi, musamman mai hawan jini. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a farko ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, a tsaya nan take a nemi likita. Mai ciwon zuciya, da wadda jininta ya hau bai sauka ba, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai juna biyu, su fara tambayar likita ko ungozoma kafin komai.

Akwai wata tsoka da kunya ke hana a ambata, alhali tambayarta na yawan zuwa wa malamai mata a asirce. Bayan haihuwa da yawa, wasu mata in sun yi tari ko atishawa ko dariya sai ɗigon fitsari ya fita. Alwala ta zama damuwa, wata har ta daina zuwa masallaci. Fiƙihu ya yi sauƙi a hukuncin mai salasi, a tambayi malamai. Amma a sani sau da yawa raunin tsokar ƙasan mara ne, kuma tana horuwa kamar kowace tsoka. A matse kamar mai riƙe fitsari da iska, a riƙe daƙiƙa kaɗan ana numfashi, a saki gaba ɗaya. Sau 8 zuwa 10, sau 3 a yini, a zaune ko a kwance, ba wanda zai sani. Sai an yi haƙurin wata 3 kafin a yanke hukunci. Kada a mai da shi al'ada a lokacin yin fitsarin kansa. Wannan kuma ba shi ne yoyon fitsarin da ke biyo doguwar naƙuda ba, wanda ke zuba dare da rana. Shi aikin asibiti yake bukata, kada a zauna da shi.

Gini sai da bulo. Tsoka na bukatar wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, awara, wagashi, nono, nama in ya samu. Ayimolu da ƙosai ma ba abin rainawa ba ne. Ƙananan busassun kifin da ake ci da ƙayarsu suna da amfani ga ƙashi. A nan muna da magana da magidanta. A gidaje da yawa uwa ce ke ci a ƙarshe, bayan an zaɓe wa maigida da yara abin kirki, ita da ta ɗauki ciki ta shayar. Malam, duba kwanon matarka. In kuma ka shigo ka tarar da ita tana ɗaga bido, kada ka yi mata dariya, kada ka bari yara su yi. Dariya ɗaya ta isa ta kashe niyyar wata guda.

Ga 'yan matanmu na makaranta, ku naku ya fi sauƙi kuma ya fi riba, domin ƙashin da za ku ci a tsufa yanzu ake ajiye shi, kafin shekara 30. Kuma ku ne za ku koya wa iyayenku. Ki karanta wa Mma wannan shafi, ki riƙe mata kujera ranar farko, ki ƙirga mata. Mata huɗu ko biyar na gida ɗaya ko layi ɗaya in suka haɗu bayan karatun Asabar a tsakar gidan da ba maza, abin ya fi ɗorewa, don wadda ta yi kasala za a aika a kira ta.

Da azumi ba sai an daina ba. A rage nauyi, a mai da shi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham ga wadda ta saura da ƙarfi, a sha ruwa sosai. Mai ciwon suga kada ta yi shi da rana tana ɗauke da azumi. Wadda kuma take salla a kujera yanzu, ta ci gaba da sallarta a kujera, ta riƙa aikin zama-da-tashi a gida. Ranar da ta ga tana iya tsayuwar kabbarar harama da Fatiha, ko da ruku'u da sujada sai a zaune, ta zo ta tambayi malam yadda za ta haɗa su, domin hukuncin yana canzawa da canjin iko.